Yanke Dasashi a Asibiti: Yadda Ake Aikin, Kuɗin da Yake Ci, da Iyakar Inshorar Lafiya ga Mutanen Boɗinga da Shagari

Dasashi shi ne naman da ya lulluɓe ƙashin muƙamuƙi ya kuma riƙe wuyan kowane haƙori, kuma idan yana cikin ƙoshin lafiya yakan manne da haƙorin sosai, ba ya zubar da jini don an goga shi da asuwaki ko buroshi, sannan ɗan ramin da ke tsakaninsa da haƙori ba ya wuce milimita 1 zuwa 3 a zurfi. Akwai lokacin da wannan nama yake kumbura ko ya yi tsiro har ya hau kan haƙora ya rufe rabinsu, ko kuwa ramin da ke gefensa ya yi zurfi ya zama aljihu mai tara ƙazantar da babu asuwakin da zai kai gare ta. A irin wannan hali ne likitan haƙori yake yanke naman da ya yi yawa, ya sake fasalta bakin dasashin yadda mai shi zai iya tsabtace shi da kansa. Aikin ƙaramar tiyata ce da ake yi a kan kujerar likitan haƙori, ba a kwantar da mutum saboda ita sai da wata larura ta musamman, kuma an daɗe da saninta, domin tun a 1884 wani likita mai suna Robicsek ya bayyana yadda ake yin ta, a 1912 kuma Pickerill ya raɗa mata sunan da likitoci ke kiranta da shi har yau.

Mutumin Boɗinga ko Shagari da aka ce masa sai an yanke masa dasashi, tambaya biyu ce ke fara zuwa bakinsa, wato nawa aikin zai ci, kuma ko katin inshorar lafiya zai ɗauke masa nauyin. Amsar duka biyun ta rataya ne a kan abubuwan da ke faruwa tun kafin a ɗauki wuƙa: sanin ainihin abin da ya jawo tsiron, da bin hanyar da ta dace daga ƙaramin asibitin unguwa zuwa birnin Sakkwato, inda manyan sassan kula da haƙori suke, musamman a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha. Wanda ya tsallake waɗannan matakai yakan biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Abin da ke sa dasashi ya yi yawa

Sanadin da ya fi yawa shi ne dattin da ke taruwa a gindin haƙori bayan cin abinci, wanda a haƙiƙa tarin ƙwayoyin cuta ne masu danƙo, kuma idan aka bar shi ya kwana biyu yakan haɗu da sinadaran da ke cikin miyau ya daskare ya yi tauri, ta yadda ba ya fita sai da kayan aikin asibiti. Dasashin da ke gogayya da wannan dasƙararren datti yakan yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini, bakin kuma ya yi wari. Jan goro yakan rufe dattin har mai shi ya kasa bambance shi da launin haƙorinsa, taba kuwa, ko ta sha ko ta tsotso, tana ɓoye zubar jinin da ya kamata ta zama gargaɗi, tana kuma jinkirta warkewar rauni bayan aiki.

Sanadi na biyu shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne mutane suka fi jahilta, alhali shi ne ya fi jawo maimaita tiyata. Akwai magunguna iri uku da aka tabbatar suna sa dasashi tsiro. Na farko shi ne fenitoyin, maganin farfaɗiya wanda ake sayarwa da sunan Epanutin, wanda tun a 1939 aka lura da wannan illa tasa, kuma kusan rabin masu shansa na dogon lokaci sukan samu tsiron, musamman yara da matasa. Na biyu shi ne saikulosiforin, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsu ya ƙi ta. Na uku su ne wasu magungunan hawan jini, irin su nifedifin da amlodifin, waɗanda yawan masu samun tsiron a cikin masu shansu bai kai na fenitoyin ba, amma da yake hawan jini ya yawaita a gidaje, kuma amlodifin na cikin magungunan da aka fi rubuta wa masu shi, adadin waɗanda abin ke shafa ba kaɗan ba ne. Tsiron yakan fara ne cikin watannin farko na shan maganin, daga ɗan naman da ke tsakanin haƙoran gaba, sannan ya bazu, kuma yakan fi muni a bakin da ba a tsabtacewa.

Abin da ya wajaba a nan shi ne mara lafiya ya kwashi dukkan magungunan da yake sha, da kwalayensu, ya kai wa likitan haƙori a zuwan farko. Iyalai da yawa suna ɓoye farfaɗiyar ɗansu ko 'yarsu saboda tsoron bakin mutane da tunanin aure, kuma wannan ɓoyo abin fahimta ne, sai dai a ɗakin likita ba ya haifar da komai face asara, domin idan ba a san yaro yana shan fenitoyin ba za a yanke naman ya sake tsirowa. Likitan haƙori zai rubuta wa likitan da ya ba da maganin tun asali, ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ne ko a wani asibitin, ya nemi a duba yiwuwar sauya shi da wani, kuma sau da yawa sauyin tare da wankin haƙori yakan sa tsiron ya ja baya cikin makonni ko watanni har a ga babu buƙatar wuƙa. Kada mara lafiya ya daina shan maganin farfaɗiya ko na hawan jini da ra'ayin kansa don ya ga dasashinsa ya kumbura, domin abin da zai biyo baya, na faɗuwa ko shanyewar ɓarin jiki, ya fi tsiron dasashi haɗari nesa ba kusa ba.

Sauran dalilan ba su kai waɗannan yawa ba. Mace mai ciki takan samu kumburin dasashi ko wani ɗan tsiro mai saurin zubar da jini, wanda galibi yakan ragu bayan haihuwa, don haka ba a gaggauta yanke shi sai in yana hana ta cin abinci ko jinin ya yi yawa. Akwai tsiron gado da ke bin dangi, akwai kuma fatar da ke rufe rabin haƙorin ƙarshe na turmi ta riƙa ruruwa. Kumburin da ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, da kasala, da ɗashewar jiki, da zubar jini ba dalili, yana iya zama alamar sankarar jini, kuma abin da yake buƙata shi ne gwajin jini na gaggawa. Haka nan ƙaramin yaro mai fama da rashin abinci mai gina jiki, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda, idan dasashinsa ya yi gyambo bakinsa ya yi ɗoyi kuncinsa ya fara kumbura, to ana tsoron cutar noma mai zaizaye fuska cikin kwanaki kaɗan. Wannan yaro Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato za a nufa da shi a ranar, asibitin da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma magani a can kyauta ne.

Matakan da ke gaban tiyata

A zuwan farko likita zai auna zurfin ramin da ke kewaye da kowane haƙori da wani siririn ƙarfe mai alamun milimita, kuma duk inda ya kai 4 ko fiye ana lissafa shi a matsayin aljihu. Zai kuma nemi hoton haƙori don ya ga halin da ƙashi yake ciki, domin yanke dasashi yana amfani ne kawai idan aljihun yana saman ƙashi, wato naman ne ya yi yawa amma ƙashin da ke ƙarƙashinsa bai rame ta yadda ya yi rami ba. Idan cutar ta ci ƙashin, aikin da ya dace wani ne daban, wanda ake ɗaga dasashin a kankare saiwar haƙori a gyara ƙashin sannan a mayar a ɗinke, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Haka kuma idan naman da ya manne da ƙashi ɗan siriri ne, yanke shi zai bar haƙori babu kariya, don haka likita zai ƙi yi.

Bayan awo sai wankin haƙori, wato kankare dasƙararren dattin daga saman haƙori da ƙarƙashin dasashi, aikin da ma'aikatan jinyar haƙori masu rajista suke yi. Sannan a koya wa mara lafiya yadda zai riƙa goge bakinsa, a ba shi makonni 4 zuwa 6 ya dawo a sake awo. Wannan jira yakan ɓata wa wanda ya taso daga nesa rai, don yana ganin kamar ana yi masa yawo da hankali, alhali shi ne matakin da ya fi kowane rage masa kuɗi, saboda kumburin da datti ya jawo yakan saɓe da kansa, abin da ya saura kaɗai ake yankewa, kuma naman da ya daina ruruwa ba ya zubar da jini da yawa a ƙarƙashin wuƙa. Kafin ranar aiki ana auna hawan jini da suga, a duba yawan jini, a kuma tambayi ko mutum yana da sikila, ko yana shan asfirin ko wafarin da sauran magungunan tsinka jini. Mai ciwon sugan da bai daidaita ba ana ɗage masa aiki har sai ya daidaita, domin rauninsa ba ya saurin warkewa.

Yadda ake aikin da abin da ke biyo bayansa

Ana farawa da allurar kashe zafi a gefen da za a yi aiki, galibi lidokayin mai haɗe da adirenalin wanda ke rage zubar jini, kuma mutum yana farke yana jin duk abin da ake faɗa. Likita zai ɗauki wani ɗan hantsaki mai baki biyu, ya zura ɗaya cikin aljihun har gindinsa, ɗayan kuma mai tsini ya huda naman daga waje, ta haka sai a samu jerin ɗigon jini da ke nuna iyakar zurfin aljihun a kowane haƙori. Daga ɗan ƙasa da waɗannan ɗigo ake fara yanka, a karkata wuƙar kimanin digiri 45 zuwa wajen haƙori, don bakin dasashin ya fito siriri kamar yadda aka halicce shi maimakon ya zama dakali mai tara abinci. Sai a cire naman da aka yanke, a kankare duk dattin da ya bayyana a ƙarƙashinsa, a daidaita gefuna, sannan a rufe wurin da wani irin ƙullu mai daskarewa wanda ke kare raunin. Wasu asibitoci suna amfani da na'urar yanka ta lantarki ko hasken leza maimakon wuƙa, waɗanda amfaninsu shi ne rage zubar jini, sai dai mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa dole ne ya faɗa kafin a kusanto shi da ta lantarki. Idan tsiron yana da kamannin da ba a saba gani ba, ana tura naman ɗakin gwaje-gwaje don a tabbatar ba mugun tsiro ba ne.

Ana barin ƙullun kwana 7 zuwa 10. A wannan tsakani abinci mai laushi ake ci, irin su kunu da koko da suka huce, da fura da nono, da fate, a ƙaurace wa yaji, da goro, da rake, da kilishi, da aya, da duk abin da sai an tauna da ƙarfi. Daga washegarin aiki ana kuskure baki a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi, ko da maganin kuskure baki na kulohekzidin idan likita ya rubuta, kuma kuskurar alwala ma a yi ta sannu ba tare da guguza ba, a kuma nisantar da asuwaki daga gefen da aka yi aiki har sai an cire ƙullun. Farasitamol yakan wadatar wajen rage zafi. Idan jini ya ɓalle, a danna wurin da tsabtatacciyar auduga ta asibiti na minti 20 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, in bai tsaya ba a koma asibiti ko da dare ne. Saman raunin yakan rufe cikin mako biyu, amma naman ciki sai ya kai kusan makonni 7 kafin ya gama ƙarfi. Ya kamata a shaida wa mutum tun farko cewa haƙoransa za su yi kamar sun ƙara tsawo, 'yan ƙofofi za su bayyana a tsakaninsu, kuma za su riƙa tsami da ruwan sanyi na ɗan lokaci. Da yake aikin ba na gaggawa ba ne, ya fi sauƙi a tsara shi kafin azumin Ramadan ko bayansa, saboda shan magani da kuskure baki a kan kari.

Lissafin kuɗi

Ba a yanka wa wannan aiki farashi guda, domin likitoci sun kasa baki gida huɗu, sama dama da sama hagu, ƙasa dama da ƙasa hagu, kuma ana biya ne gwargwadon yawan gidajen ko yawan haƙoran da aikin ya shafa. Wanda tsironsa ya tsaya a haƙora biyu ko uku na gaba, lissafinsa daban yake da na mai shan fenitoyin wanda bakinsa duka ya cika, wanda galibi ba a yi masa aikin a zama ɗaya, sai dai gida ɗaya ko biyu a kowane zuwa. A kan kuɗin tiyatar kanta akwai na buɗe kati da ganin likita, da na hoto, da na gwajin jini, da na wankin haƙori, da na magunguna, da na gwajin naman idan an tura shi. Kusan dukkan kayan aikin haƙori, daga allurar kashe zafi har zuwa ƙullun rufe rauni, daga ƙasashen waje ake shigo da su, shi ya sa faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta taɓa farashinsu kai tsaye, kuma duk farashin da wani ya biya shekara biyu da suka wuce ba abin dogaro ba ne a yau. Asibitin gwamnati ya fi na kuɗi rahusa, ko da yake layi ya fi tsawo, aikin leza kuma ya fi na wuƙa tsada, alhali idan hannun likita ya ƙware sakamakon da ake samu bayan warkewa kusan ɗaya ne.

Akwai wani kaso na kuɗin da ba ya fitowa a kowace takardar asibiti, kuma shi ne ya fi nauyi a kan mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, Boɗinga ta fi kusa da birni, Shagari kuma tana gaba, amma mutumin ƙauyen da ke nesa da wannan hanya sai ya fara biyan kuɗin fitowa bakin titi kafin ya hau motar birni, sannan ya hau wani abin hawan zuwa ƙofar asibiti. Idan aka ƙirga zuwan awo, da na wanki, da na sake dubawa, da ranar aiki, da ranar cire ƙullu, zuwa biyar ke nan don gida ɗaya kacal, kuma mace ko yaro ko tsoho ba ya tafiya sai da ɗan rakiya, wanda ke ninka kuɗin mota da na abinci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan kaso ya ƙara girma. Saboda haka ya dace tun a zuwan farko mara lafiya ya shaida wa likita inda ya fito, ya roƙi a haɗa masa awo da hoto da gwajin jini a rana ɗaya, ya nemi a rubuta masa kiyasin kuɗin dukkan matakai a takarda, ya kuma zaɓi lokacin da aikin gona ya lafa. Duk kuɗin da zai biya ya biya shi a wurin karɓar kuɗi na asibiti, ya adana rasit.

Ganin wannan lissafi yakan sa wasu su nufi wanzami ko mai kemis. Wanzamai suna da matsayinsu a al'umma, amma wannan aiki ba nasu ba ne, domin ba a ganin iyakar aljihu da ido, dasashi mai ruruwa yana zubar da jini ƙwarai, naman da aka yanke fiye da kima ba ya dawowa, sannan askar da ba a dafa ba tana ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis kuwa sukan lafar da kumburin na mako ɗaya ko biyu, amma ba su taɓa dasƙararren dattin da ya jawo shi.

Abin da inshora ke ɗauka

Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, kuma don rage wannan ne aka kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, aka fara aiki da shi a 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin ƙasar. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana shiga ta wurin aikinsa, kuma katinsa ya haɗa da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, ma'ana mai mata fiye da ɗaya ko 'ya'ya fiye da huɗu sai ya yi wa sauran rajista ta daban da ƙarin kuɗi. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suna da shirin GIFSHIP, wanda mutum ko iyali ko ƙungiya ke biya shekara-shekara. A matakin jiha akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta Sakkwato, SOCHEMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma ta hannunta ne ake yi wa marasa galihu rajista a ƙarƙashin Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shirye-shirye yana da rubutaccen jerin ayyukan da yake biya, wanda ba lallai ya yi daidai da na ɗan'uwansa ba, kuma haƙƙin mai kati ne ya nemi a nuna masa wannan jeri kafin a fara masa komai.

Fahimtar yadda kuɗin ke tafiya ita ce ke bayyana dalilin da ya sa ake mayar da wasu masu kati daga ƙofar sashen haƙori. Duk mai inshora yana da asibitin farko da ya zaɓa lokacin rajista, wanda ake biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum ko ya zo ko bai zo ba, don ya kula da ƙananan cututtuka. Aikin haƙori irin wannan kuwa na mataki na biyu ne, wanda ake biya aiki-aiki, kuma ba a biya sai an cika sharaɗi biyu: takardar turawa daga asibitin farko, da lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da katin, wato HMO, ko daga hukumar jiha idan katinta ne. Mutumin Shagari da ya tashi da asuba ya wuce kai tsaye zuwa asibitin koyarwa ba tare da takardar turawa ba, ko dai a mayar da shi gida ko ya biya daga aljihunsa, kuma da wuya a mayar masa da abin da ya biya, tunda aikin ba ya cikin na gaggawa da ake yi wa uzuri. Lambar amincewa ta wankin haƙori ba ta wadatar wa tiyata, don haka kowane mataki sai an nema masa tasa, kuma ya fi kyau a tabbatar ta fito, ta waya ko ta teburin inshora da ke asibitin, kafin a hau mota.

A tsarin NHIA duba haƙori, da wankinsa, da cike shi, da cire shi, da ƙananan tiyatar baki suna cikin abin da ake ɗauka, amma an fitar da sanya wa haƙori hula, da gadar haƙori, da dasa haƙorin ƙarfe a ƙashi, da ƙara wa haƙori fari, da duk tiyatar da aka yi don ado. Yanke dasashi yana tsaye ne a kan wannan iyaka, domin aiki ɗaya ne ake yi wa mai cuta da kuma mai son haƙoransa su ƙara fitowa idan ya yi murmushi. Abin da ke raba su shi ne abin da likita ya rubuta. Takardar neman amincewa da ta ambaci sunan cutar, da zurfin aljihu a milimita, da haƙoran da abin ya shafa, da maganin da ya jawo tsiron, da shaidar cewa an yi wanki an jira bai wadatar ba, ta fi ƙarfi a gaban mai amincewa fiye da wadda aka rubuta sunan aikin kawai. Idan kuwa an yanke dasashin ne don a samu wurin ɗora hula a kan karyayyen haƙori, mai kati ya sani cewa kuɗin hular a wuyansa yake. Ko da an amince da aikin, ma'aikaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magunguna, kuɗin mota kuwa babu shirin da ke ɗaukarsa. Akwai kuma lokacin jira tsakanin yin rajista da fara cin moriyar kati, don haka wanda ya yi rajista bayan bakinsa ya kumbura zai jira, sai dai tunda matakan farko ma suna ɗaukar makonni, jiran bai zama asara ba. Idan an ƙi amincewa, a nemi dalilin a rubuce, a kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha da ke Sakkwato ko ofishin SOCHEMA.

Wannan rarrabewa tsakanin magani da ado ba a Nijeriya kaɗai take ba. A Amurka inshorar haƙori daban take da ta sauran jiki, tana da iyakar abin da take biya a shekara, wanda galibi yake tsakanin dala 1,000 zuwa 2,000, kuma can ma ana lissafa yanke dasashi ne da gida-gida, a bambanta na haƙori 1 zuwa 3 da na 4 ko fiye, a kuma ƙi biyan na ado. Tsarin Nijeriya ya fi dacewa da talaka ta fuska ɗaya, wato sanya haƙori cikin kati guda da sauran jiki, rauninsa kuwa shi ne ƙarancin likitocin haƙori a wajen manyan birane, wanda ke mayar da haƙƙin da ke rubuce a takarda ya zama tafiyar yini guda.

Wanda ba shi da kowane irin kati, ya fara da awo da wankin haƙori, waɗanda su ne mafi arha a cikin jerin, ya kuma nemi a kasa masa tiyatar gida-gida yadda zai biya a hankali, a fara da gefen da ya fi muni. Asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin marasa ƙarfi, Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ma tana taimaka wa mabuƙata da kuɗin magani, kuma a duka wuraren biyu rubutaccen kiyasi daga likita shi ne abin da za a fara tambaya. Bayan warkewa akwai sauran kuɗi ɗaya da ya kamata ya shiga lissafin gida, wato komawa a duba baki a wanke haƙora duk bayan wata 6, ko duk bayan wata 3 ga wanda dole ta sa ya ci gaba da shan fenitoyin ko saikulosiforin ko maganin hawan jinin da ya jawo masa tsiron, kuma mai kati zai buƙaci sabuwar takardar turawa daga asibitinsa na farko a duk lokacin da wadda ke hannunsa ta ƙare.